Jemage Ba Dodo Ba Ne

A ranin bara, lokacin da nake zaman jiran kiran bautar ƙasa a gida Kanya, na shigo zaure bayan sallar isha na tarar da ƙanena da abokansa huɗu sun haɗa kawuna a kan waya ɗaya. Wani tsohon fim ɗin Amurka suke kallo, irin waɗanda ake tura wa mutum a katin waya ranar kasuwa. Sunansa Bats, an yi shi a 1999, labarin wani ƙaramin gari ne a jihar Teksas da jemagu suka auka wa cikin dare suna yayyaga mutane. Yaran ba sa jin Turancin da ake yi, amma ba su bukaci tafinta ba, domin ihu da jini ba su da yare. Na tsaya na ɗan kalla tare da su, na yi dariya, na wuce ciki.

Washegari da hantsi na same su a gindin manyan itatuwan mangwaron da ke hanyar rafi, inda jemagu suke yini tun kafin a haife ni. Kowa da danƙon harbi a hannu, kuma sun riga sun kado bakwai. Ɗaya daga ciki mace ce, ɗanta yana manne a ƙirjinta, yana motsi bayan ita ta daina. Na tambayi ƙanena abin da suka yi musu. Ya dube ni kamar wanda ya yi tambayar wauta, ya ce, “Yaya, ai masu shan jini ne.”

Tun daga ranar wata tambaya take bina. Idan labari ya ɗauki wata halitta mai rai, wadda take zaune kusa da mu, ya mayar da ita abokiyar gaba don mu ji daɗin tsorata, shin mai labarin da mai kallonsa sun fita ba su da alhaki? A ƙarƙashin wannan kuma akwai wadda ta fi ta nauyi: wane izini tsoro yake ba mutum a kan abin da yake tsoro? Matsayata ita ce, tsoro yana halatta mana mu kiyaye kanmu, amma ba ya halatta mana mu hukunta. Finafinan jemagu masu kisa suna cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, kuma illar cakuɗawar ba ta tsayawa a kan jemage.

Wanda ya kalli irin waɗannan finafinai biyu ko uku zai lura cewa tafiyarsu ɗaya ce. A The Devil Bat na 1940, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, wani masanin haɗa turare ne da ke ganin masu kamfani sun cuce shi ya girmar da jemagu da wutar lantarki, ya koya musu kai hari ga duk wanda ya shafa wani turare na musamman. A Nightwing na 1979, jemagu masu shan jini ne ɗauke da annoba suka sauka a yankin ’yan asalin Amurka, aka ƙare da cinna wa kogonsu wuta. A fim ɗin da ƙanena ya kalla, wani masanin kimiyya ne ya sauya halittar jemagun da gangan, aka ƙare da toshe su da nakiya a cikin ramin haƙar ma’adinai. Abin lura shi ne, a biyu daga cikin ukun nan mugun na ainihi mutum ne mai ilimi da niyya. Amma ba fuskarsa mai kallo yake tafiya da ita gida ba. Abin da ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne baƙin gungun da ya rufe sama, wanda ba shi da suna, ba shi da baki, ba a iya bambanta ɗaya daga ɗaya a cikinsa. Kuma labarin ba ya samun natsuwa sai an hallaka gungun baki ɗaya. A daidai nan ne kiɗa yake sauyawa, mai kallo ya sauke ajiyar zuciya.

Ba masu fim ne suka fara zargin jemage ba. Kakata ta sha ba mu tatsuniyar da tsuntsaye suka ƙi shi saboda yana da haƙora da kunnuwa kuma yana shayarwa, dabbobi kuma suka ƙi shi saboda yana tashi, har ya rasa dangi ya koma fita cikin dare. Abin da ya ƙi shiga rukunin da muka sani yana tayar mana da hankali. Ga shi yana kwana kai ƙasa, yana farkawa lokacin da mutanen kirki suke shiga ɗaki. A Turai kuma littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, ya ƙulla shi da matattu masu shan jini, ƙullin da bai kwance ba har yau. Amma ƙidaya ba ta goyi bayan zargin ba. Masana sun san nau’in jemage fiye da 1,400 a duniya. Uku kacal ne suke rayuwa a kan jini, kuma duka ukun a nahiyar Amurka suke, daga Meziko zuwa kudu. Babu ko ɗaya a Afirka. Su ma ukun ƙanana ne, yawanci dabbobi da tsuntsaye suke lasa cikin barci. Wani masani mai suna Gerald Wilkinson ya wallafa a 1984 abin da ya gani a ƙasar Kosta Rika: jemagen da ya samu abinci yakan amayo wa wanda ya kwana da yunwa, domin wanda ya yi kwana biyu zuwa uku bai ci ba mutuwa zai yi. Ko wanda aka ɗauka a matsayin sarkin mugunta, ashe yana da ciyayya.

To jemagen Kanya fa, me yake yi da darensa? Amsar tana cikin tukunyar miyarmu. Idan rani ya yi, ɗorawa tana sako jajayen furanninta masu kama da tuntun hula, suna reto a kan dogayen silla, nesa da ganye. Da magariba suke fara zubar da ruwan zaƙi, kuma an rataye su haka ne yadda mai tashi cikin duhu zai iya sauka a kansu ba tare da fiffikensa ya sarƙe ba. Jemage yakan zo ya sha, garin furen ya manne a gashinsa, ya kai shi wata bishiyar. Wannan ita ce barbarar da ɗorawa take dogaro da ita ƙwarai kafin ta yi ’ya’ya. Tun a shekarun 1950 masana tsirrai suka rubuta wannan bayan sun yi ta gadin itatuwan ɗorawa cikin dare a Gana. Daga ’ya’yan ne ake samun garin ɗorawa da yara suke sha, da makubar da ake shafe daɓe da katanga, da kalwar da mata suke dafawa su rufe ta ta ruɓa ta zama daddawa. Haka farin furen kuka yake buɗewa da yamma yana jiran jemage, haka ma na rimi a lokacin hunturu. Babban jemagen nan mai ruwan ƙasa-ƙasa yana cin ’ya’yan itace a nan, ya je ya yar da irin a wuri mai nisan gomman kilomitoci, wato yana dasa daji ba tare da kowa ya biya shi ba. Ƙananan da ke shiga rufin ɗaki kuwa ƙwari suke kamawa, ciki har da masu ɓata amfanin gona. Mahaifiyarmu ta sayi littattafan makarantarmu da kuɗin daddawa. Saboda haka ƙanena, ba tare da ya sani ba, ya ɗaga danƙo ne a kan ɗaya daga cikin masu yi wa gidanmu aiki. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.

Mai karatu zai iya cewa na ɗora wa wasa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Fim fim ne. Ɗan Adam ya daɗe yana neman tsoron da ba zai cutar da shi ba, kuma tun zamanin Aristotal ake cewa kallon abin tausayi da na firgici a dandali yana wanke zuciya. Mu ma da Dodo aka rene mu, wanda yake haɗiye ’yan mata a bakin kogi, ba mu kuma zama mugaye ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Yaron da ya taɓa kwana a daji saboda ƙarar bindiga yana da haƙƙin ya ji wani tsoron da zai iya kashewa da danna maɓalli. Amma akwai bambanci tsakanin Dodo da jemage. Dodo ba ya kwana a bishiyar kowa. Duk ƙiyayyar da muka tara masa tana ƙarewa ne inda tatsuniya ta ƙare, da an ce ƙurunƙus shi ke nan. Jemage kuwa yana nan da safe, yana reto a reshe, a inda dutse zai same shi. Wanda ya ƙirƙiri dodonsa daga babu ya ci bashin da ba mai binsa. Wanda ya ari halitta mai rai ya sa mata rigar dodo, wani ne zai biya a madadinsa. An ga haka a fili bayan fim ɗin Jaws na 1975, wanda ya mayar da babban kifin nan na teku mai suna shak abin ƙyama a idon duniya. Peter Benchley, wanda ya rubuta littafin da aka yi fim ɗin da shi, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare wannan kifi, kuma a 2022 daraktan fim ɗin, Steven Spielberg, ya shaida wa BBC cewa yana nadamar ɓarnar da aka yi wa kifin bayan fitowar aikinsa. Idan masu abin da kansu sun yarda labari yana da hannu a abin da ya biyo baya, ba mu da dalilin musantawa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsanani, domin ta tsaya ne a kan gaskiya. Jemagu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kisa. A 1956 aka gano wata ƙwayar cuta ’yar’uwar ta haukan kare a jikin jemagu a tsibirin Legas, har aka raɗa mata sunan birnin. An tabbatar wani nau’in jemagen kogo shi ne matattarar cutar Marburg. Annobar Ebola da ta kashe mutane fiye da 11,000 a Afirka ta Yamma ta faro ne a ƙarshen 2013 a ƙauyen Meliandou na ƙasar Gini, kuma masu bincike sun yi zargin wani kogon bishiya mai cike da ƙananan jemagu inda yara suke wasa. Cutar ta iso Legas a watan Yulin 2014, ta kashe mutum takwas a Nijeriya, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana mai ɗauke da ita fita daga asibiti. Wanda ya ce a ji tsoron jemage bai yi ƙarya ba.

Sai dai a nan ne ya kamata a raba kalmomi biyu da harshenmu na yau da kullum yake yawan gwamutsawa: haɗari da laifi. Wuta tana da haɗari, kogi a watan Agusta yana da haɗari, amma ba wanda ya taɓa kai su gaban alƙali. Laifi yana bukatar niyya, da sani, da ikon zaɓar wani abu dabam. Jemage ba shi da ko ɗaya. Yana ɗauke da abin da bai san yana ɗauke da shi ba. Abin da ya dace da haɗari shi ne taka-tsantsan: kada a taɓa mataccen jemage da hannu, kada a ci ’ya’yan itacen da ya gatsa, wanda ya cije shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya garzaya asibiti. Abin da ya dace da laifi shi ne hukunci. Fim ɗin jemage mai kisa yana yi wa haɗari fenti da kalar laifi, yana ba dabba jajayen idanu da ƙudurin mugunta, don hallaka ta ta zama adalci a idon mai kallo.

Abin mamaki shi ne, hukuncin ba ya ma biyan bukatar da aka yi shi dominta. A Meliandou an ƙone bishiyar nan kafin masu bincike su iso, ta yadda abin da zai iya tabbatar da zargin ko ya kore shi ya tafi cikin hayaƙi. A mahaƙar Kitaka ta ƙasar Yuganda, bayan cutar Marburg ta kama ma’aikata a 2007, an tashi haiƙan aka hallaka jemagun ramin. Bayan ’yan shekaru wasu suka dawo suka cika shi, kuma da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar cutar a cikinsu sun fi na da yawa. A 2012 cutar ta sake ɓarkewa a garin Ibanda da ke kusa. Kisan gungu yana tarwatsa waɗanda suka tsira, yana kuma sa mutane su yi ta cuɗanya da jini da gawa. A cikin finafinan da na sani, Contagion na 2011 ne ya kusanci gaskiya. A ƙarshensa aka nuna inda annobar ta faro: motar rusau ta wani kamfani ta ture bishiya, jemage ya tashi ya rasa masauki, ya yar da guntun ayaba a garken aladu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu da muke sare ɗorawa da kaɗanya muna yin gawayi, mu ne muke koro jemage zuwa mangwaron tsakar gida.

Addini bai bar wannan batu ba. A cikin ingantattun hadisai na Buhari da Muslim an ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta ciza, ya sa aka ƙone gidan tururuwar duka, sai Allah Ya yi masa wahayi na zargi a kan ya ƙone al’umma guda saboda cizon guda ɗaya. Aya ta 38 ta Suratul An’am ta bayyana dabbobi da masu tashi da fukafukai a matsayin al’ummu kamar mu. Wasu malaman tafsiri ma sun ambaci cewa jemage ne abin da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya siffanta daga laka ya tashi da izinin Allah. Abin da ya ja hankalina a labarin tururuwar shi ne, ba a musanta cizon ba. An yi cizo, an ji zafi. Abin da aka hana shi ne zafin ya zama izinin yin kan mai uwa da wabi.

A nan ne batun ya bar bishiya ya shigo gari. Mu mutanen ƙasar Zuru ba mu bukatar fim ya koya mana tsoron abin da ke fitowa daga daji cikin gungu. A watan Maris na 2022 ’yan bindiga suka yi wa ’yan sa-kai fiye da 60 kwanton ɓauna suka kashe su a yankin Sakaba, bayan kwanaki kaɗan kuma aka kashe sojoji da ’yan sanda a nan Kanya. Wannan tsoro ba na katin waya ba ne. Kuma dole in faɗi inda kwatancena ya tsaya: wanda ya ɗauki bindiga ya kashe manomi a gonarsa ba jemage ba ne. Yana da niyya, yana da sani, yana da zaɓi, saboda haka yana da laifi, kuma ya cancanci hukunci. Amma laifin nasa ne, shi mai suna da fuska. Abin da na lura da shi a majalisun hira a shekarun nan shi ne yadda kalmar “su” take kumbura. Da farko tana nufin waɗanda suka kawo hari. Daga baya ta haɗa da duk mai irin shigarsu, sannan duk mai jin yarensu, har ta kai ga matar da ta shekara ashirin tana kawo mana nono da fura, wadda ita ma an kore mata shanu. Da zarar an yi wa mutane kuɗin goro, sun zama irin baƙin gungun nan na fim, wanda ba a tambayar ɗaya daga cikinsa me ya yi. Ba na cewa fim ne ya haifar da wannan. Ina cewa ɗabi’ar zuciya ɗaya ce, kuma duk inda aka motsa ta tana ƙara ƙarfi. Yaron da ya saba jin sanyi a ransa idan an ƙone kogo duka, an riga an koya masa wani irin lissafi, kuma lissafin ba ya tambaya ko abin da ke cikin kogon yana da fiffike.

Ba ina kira a hana kallon finafinan tsoro ba ne. Hani ba ya warkar da jahilci, sau da yawa ƙara wa abin daɗi yake yi. Abin da nake nema ya fi haka wuya: mai kallo ya riƙa tambayar wa zai biya kuɗin tsoron da ya ji daɗinsa, marubuci kuma ya san cewa zaɓen wanda zai zama dodo a labarinsa zaɓe ne na ɗabi’a. A 1974 masanin falsafa Thomas Nagel ya rubuta wata maƙala da ta shahara, inda ya nuna cewa ko da mun san komai game da jikin jemage da yadda ƙananansa suke gane hanya da amsa-kuwwar sautinsu, ba za mu taɓa sanin yadda rayuwa take a wurin shi jemagen ba. Shi a kan sirrin hankali yake magana. Ni abin da na ɗauka daga ciki shi ne ladabi. Idan akwai rayuwar da ba zan iya leƙa cikinta ba, bai kamata in cike gurbin da mugunta don kawai mugunta ce ta fi saurin zuwa zuciyata ba.

Ranar nan ban yi wa ƙanena faɗa ba, domin ni ma na yi dariya a zaure. Na sa su suka haƙa rami, muka tura gawawwakin da sanda ba tare da mun taɓa su ba, muka rufe. Ɗan jemagen bai kai azahar ba. Da yamma na kai shi gindin ɗorawar gonarmu da tocila, muka zauna har duhu ya shiga. Ba mu daɗe ba suka fara zuwa, ɗaya bayan ɗaya, suna kama jan furen da ƙafa su sha su saki. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya tambaye ni ko su ne waɗanda suke kwana a mangwaron hanyar rafi. Na ce masa mai yiwuwa ’yan’uwansu ne. Har yau yana kallon finafinansa, kuma har yau yana tsoron jemage ya taɓa shi, wanda hakan daidai ne. Danƙon dai yana nan rataye a bayan ƙofa, robarsa ta bushe.